Tazarar baƙaƙe da fararen fata a Amurka: abin da bincike ya gano

Tambaya: Malam, yayana yana aiki a Houston shekara tara ke nan. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce baƙaƙen fatar Amurka su suka so wa kansu talauci, tunda ga 'yan Najeriya sun je daga baya sun wuce su. Ni kuma ina karanta cewa wariya ce ta danne su. Kai da ka karanci ilimin zamantakewa, me bincike ya tabbatar? Da gaske akwai bambancin tunani da na makomar rayuwa tsakanin launukan fata, kuma daga ina ya taso?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da yayanka ya gani da idonsa gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ban yarda da ita ba. Tunda Amurka ka ambata a can zan tsaya, domin da wuya ka sami ƙasar da ta tara alƙaluma kan wannan batu kamarta. Tun ƙidayar farko ta 1790 gwamnatinsu take raba mutane bisa launi.

Tazarar kam akwai ta. Duk bayan shekara uku Babban Bankin Amurka yana binciken abin da iyalai suka mallaka, wato gida da ajiya da hannun jari bayan an cire bashi. A binciken 2022, in ka jera iyalan fararen fata daga mafi talauci zuwa mafi arziki ka ɗauki na tsakiyar layi, dukiyarsa dala 285,000 ce. Na tsakiyar layin baƙaƙen fata kuwa dala 44,900. A asibiti ma haka abin yake: a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, farare kuma kusan 27. Ana ganin irin wannan a zaman kurkuku da sakamakon jarrabawa da tsawon rai. Inda masana suke kai ruwa rana shi ne sanadi, domin ƙididdiga tana nuna maka wa ke gaba wa ke baya, amma ba ta zuwa da dalilinta rubuce a goshi.

Bari in fara da bayanin da mutane da yawa suke riƙe da shi a zuci ko da ba su furta ba, wato cewa abin a jini yake. Matsalar farko ita ce, hukuma da al'ada su suka shata iyakar wanda ake kira baƙi. A Amurka an daɗe ana bin ƙa'idar cewa ɗigon jinin Afirka ɗaya ya isa a kira ka baƙar fata. A Brazil mutumin nan ɗaya zai iya shiga rukunin masu ruwa biyu, ko ma na farare. Afirka ta Kudu kuwa doka ta kafa a 1950 ta rarraba kowa, har ana soka fensir a gashin mutum don a yanke masa rukuni. A 1972 masanin ƙwayoyin halitta Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gadon ɗan Adam a cikin kowace al'umma yake, tsakanin mutum da ɗan ƙabilarsa. Kuma babu nahiyar da ta kai Afirka yawan wannan bambanci. Bahaushe da Bahabashe da mutumin San na Kalahari duk takardar Amurka baƙi take kiransu, alhali nisan da ke tsakanin wasunsu ya fi wanda ke tsakanin Bature da ɗan Asiya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa daga yankinmu ta fito. An daɗe ana cewa hawan jini ciwon gado ne na baƙar fata, saboda yawansa a baƙaƙen Amurka. Sai likita Richard Cooper da abokan aikinsa suka auna mutane da ma'auni iri ɗaya a Najeriya da Kamaru da tsibiran Karibiyan da wani gari kusa da Chicago, suka fitar da sakamako a 1997. Masu hawan jini a Afirka ta Yamma kashi 16 ne cikin ɗari, a Karibiyan 26, a Amurka 33. Asalin jinin ɗaya ne, tunda daga gaɓar tekunmu aka kwashi kakanninsu da yawa, amma ciwon yana ƙaruwa ne gwargwadon canjin abinci da ƙiba da yanayin zama. A wannan shekara kuma likitoci biyu, Richard David da James Collins, suka duba takardun haihuwa na jihar Illinois. Matsakaicin nauyin jariran farare giram 3,446 ne, na baƙaƙe haifaffun Amurka 3,089. Jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura kuwa giram 3,333, wato sun fi kusa da na Turawa. Da a jini abin yake, da 'yar Afirka, wadda jininta bai gauraya da na Turawa ba, ita za ta zo ƙarshe.

Maganar ƙwaƙwalwa ba zan daɗe a kanta ba. Gaskiya ne an daɗe ana samun tazarar kusan maki 15 a gwajin basira. Amma William Dickens da James Flynn sun nuna cewa tsakanin 1972 da 2002 baƙaƙen fata sun rage ta da maki 4 zuwa 7, kuma ƙwayoyin gado ba sa sauyawa cikin shekara talatin. Roland Fryer da Steven Levitt sun duba gwajin jarirai 'yan wata takwas zuwa shekara ɗaya, suka tarar kusan babu bambanci. Sai yaro ya fara girma tazarar take buɗewa. Lewontin yana da misalin da kowane manomi zai gane: ka ɗebi iri daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a gona mai taki, rabi a fako. A cikin kowace gona, wani kara zai fi wani tsawo saboda ƙwayar irinsa. Amma bambancin gonar nan da waccan, ƙasa ce ta kawo shi.

To, mu koma kan ƙasar. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san albashi daban, dukiya daban. Albashi naka ne kai kaɗai, dukiya kuwa tarin abin da kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa. An haramta bauta a 1865, kuma bayi kusan miliyan huɗu suka fito hannu rabbana. A watan Janairun shekarar Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattu eka 40-40 a gaɓar tekun kudu, amma kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayengiji filayensu. A daidai wannan zamani dokar 1862 tana raba eka 160 ga duk iyalin da zai zauna ya noma a yammacin ƙasar. An raba kusan eka miliyan 270 ta wannan hanya, kuma kusan duka hannun farare suka shiga.

Karo na biyu ya zo a shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta fara tsaya wa talakawa su karɓi bashin sayen gida na dogon zango. An zana taswirar birane sama da 200, aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi alamar haɗari, hukumar lamunin gidaje kuma ta ƙi tsayawa a irin waɗannan unguwanni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji da karatu da bashi, sai aka bar aiwatarwa a hannun bankuna da jami'an jihohi. Wani bincike a biranen Mississippi a 1947 ya tarar cewa cikin basussuka 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal baƙaƙe suka samu. Sai a 1968 aka haramta wariya a sayar da gida da haya. Ka lura, wannan zamanin iyayen mutanen da suke raye ne yau, kuma gida shi ne babbar kadarar talakan Amurka. Da shi ake biya wa yaro jami'a, da shi ake samun jarin buɗe shago. Har yanzu kusan kashi 74 cikin ɗari na iyalan farare gidan kansu suke zaune, baƙaƙe kuma kusan 45.

Ellora Derenoncourt da abokan aikinta sun bi sawun wannan tazara tun daga 1860. A lokacin dukiyar farar fata ta ninka ta baƙi kusan sau 60. A 1920 ta sauko zuwa sau 10, a shekarun 1950 zuwa sau 7, daga nan ta tsaya cik a wajen sau 6. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da suka yi cewa ko da tun bayan 'yanci an ba kowa dama iri ɗaya ta ajiya da riba, da har yau tazarar tana wajen sau 3. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba.

Yayanka zai iya cewa wannan duk tarihi ne, yanzu doka ta hana. A nan masana suka daina dogaro da tambayar mutane, suka koma gwaji. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanonin Boston da Chicago. Takardun ƙirƙirarru ne, ilimi da gogewa iri ɗaya, suna kawai ake sauyawa: wasu Emily ko Greg, sunayen da aka san farare da su, wasu Lakisha ko Jamal. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna mai sunan farare yana samun kira ɗaya a takarda goma, mai sunan baƙaƙe sai ya aika kusan goma sha biyar. Marigayiya Devah Pager ta yi wanda ya fi wannan zafi a Milwaukee. Ta horar da samari, baƙaƙe da farare, suka riƙa zuwa neman ƙananan ayyuka da kansu, wani lokaci su rubuta cewa sun taɓa zaman gidan yari kan laifin ƙwaya. Farin da ba shi da tabo an kira shi kashi 34 cikin ɗari, farin da ya ce ya yi zaman kurkuku kashi 17. Baƙin da bai taɓa laifi ba kashi 14, mai tabo kuma 5. Wato tsohon fursuna fari bai gaza baƙin da hannunsa yake da tsabta ba. Na karanta wannan aiki shekaru da yawa da suka wuce, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa. Lincoln Quillian da abokansa sun haɗa gwaje-gwajen da aka yi tun 1989, suka tarar farare suna samun kira fiye da baƙaƙe da kashi 36 cikin ɗari, kuma babu alamar raguwa tsawon shekarun. Wani babban gwaji na Patrick Kline da abokansa, da takardu kusan 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108, ya ƙara wani haske: kusan rabin wariyar a kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ta taru, wasu kuwa ba a ga komai a wurinsu ba. Wannan yana bayyana yadda mutum zai yi shekara tara a ma'aikata mai adalci ya rantse babu wariya, maƙwabcinsa kuma ya rantse akwai, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Binciken da ya fi kowanne girma shi ne na Raj Chetty da abokan aikinsa, waɗanda suka haɗa bayanan haraji da na ƙidaya na yara miliyan 20 da aka haifa daga 1978 zuwa 1983, suka bi su har suka girma. Ɗan talaka fari, wanda iyayensa suke cikin kashi ɗaya cikin biyar mafi ƙarancin samu, damarsa ta hawa cikin kashi ɗaya cikin biyar mafi yawan samu 10.6 ce cikin ɗari. Ta baƙi 2.5. Ɗan mai kuɗi baƙi kuwa damar faɗowarsa ƙasa kusan daidai take da damar zamansa a sama. Amma akwai abin da ya ba kowane ɓangare mamaki. In kuɗin iyaye ɗaya ne, mace baƙa tana samun abin da mace fara take samu da aikinta, har ta ɗan ɗara. Tazarar kusan duka a maza take, kuma ana ganinta a kashi 99 cikin ɗari na unguwannin ƙasar, har tsakanin yaran da suka tashi a layi ɗaya. Mai cewa jini ne sai ya gaya mana yadda jinin ya tsallake 'yar'uwa ya kama ɗan'uwa. Mai cewa talauci ne kawai shi ma bai tsira ba, tunda ga 'ya'yan masu kuɗi suna zamewa. A cikin samarin da suka tashi a gidaje mafi talauci, kashi 21 cikin ɗari na baƙaƙe suna tsare a ranar ƙidayar 2010, farare kashi 6.

A wannan bincike akwai abin da yake goyon bayan wani sashe na maganar yayanka, kuma ba zan ɓoye shi ba. Samari baƙaƙe sun fi yin kyau a unguwannin da iyaye maza baƙaƙe suke da yawa a gidajensu, ko da yaron shi kansa ba ya tare da mahaifinsa. Zaman iyali da tarbiyyar unguwa suna da tasiri. Haka kuma Derek Neal da William Johnson sun nuna a 1996 cewa ƙwarewar karatu da lissafi da saurayi ya samu kafin ya shiga kasuwar aiki tana bayyana babban kaso na tazarar albashi. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. William Julius Wilson, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya nuna yadda rufe masana'antu a birane irin su Chicago ya bar maza ba aiki, aure ya yi wuya, masu hali suka tashi suka bar unguwa. Kuma da gwamnati ta yi gwaji a shekarun 1990 a birane biyar, ta ba wasu iyalai ta hanyar ƙuri'a tallafin haya don su koma unguwanni marasa talauci, yaran da suka koma kafin su cika shekara 13 sun girma suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da kashi 31 cikin ɗari. Iyayen ba su canza ba, unguwa kawai aka canza.

Ɓangaren ra'ayoyi kuma labari biyu ne. A 1958 kashi 4 cikin ɗari na Amurkawa ne suka gaya wa kamfanin Gallup sun amince da aure tsakanin baƙi da fari, a 2021 kashi 94. A 1977 kusan kwatan fararen fata sun ce baƙaƙe suna baya ne saboda ƙarancin basirar haihuwa, yanzu masu faɗin haka ba su kai kashi 10 ba. Wannan sauyi ne na gaske. Amma Howard Schuman da Lawrence Bobo da abokansu sun lura cewa amincewa da ƙa'idar daidaito ta yi sama, yayin da goyon bayan matakan da gwamnati za ta ɗauka don tabbatar da ita ya tsaya a baya. A binciken cibiyar Pew na 2016, kashi 88 na baƙaƙe sun ce ƙasar tana da sauran gyara kafin a sami daidaito, farare kashi 53. Sannan a riƙa tuna cewa mutum yana gyara amsarsa gwargwadon wanda yake tambayarsa, har launin mai tambayar an tabbatar yana sauya amsa.

Ra'ayi ma yana da tarihinsa. Ana yawan cewa baƙaƙen Amurka ba su yarda da likitoci ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bibiyar maza baƙaƙe 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ta jihar Alabama ba tare da yi musu magani ba, har bayan an gano fenisilin yana warkar da shi, don kawai a ga yadda ciwon yake cin jiki. Marcella Alsan da Marianne Wanamaker sun nuna cewa bayan asirin ya tonu, zuwan maza baƙaƙe asibiti ya ragu, kuma sun ƙiyasta hakan ya rage tsawon ransu da kusan shekara ɗaya da rabi. Mu da muka ga yadda gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ya shiga cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka buga da sunan kimiyya a wannan fage mai ƙwari ne. Gwajin nan na kwamfuta da ake cewa yana tono ɓoyayyen son zuciya ba ya hasashen halin mutum sosai. Wani bincike na 2020 da ya ce jarirai baƙaƙe sun fi rayuwa a hannun likita baƙi ya yi rauni ƙwarai da aka sake lissafi a 2024 aka saka nauyin jariran a ciki. Kuma ba kowace tazara ce take fuskantar gefe ɗaya ba: kisan kai na ƙashin kai ya fi yawa a farare, kuma Carol Graham ta tarar talakawa baƙaƙe sun fi talakawa farare kyakkyawan fata game da gobe.

Saura 'yan Najeriya. Kusan kashi 60 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa Amurka suna da digiri, alhali a Amurkawa gaba ɗaya masu digiri sun ɗan haura kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Ka tambayi kanka, a unguwarku mutum shida cikin goma ne suke da digiri? Wanda ya isa Houston ya bi ta tankaɗe da rairaya: makaranta, Turanci, kuɗin jirgi, layin biza, da ƙarfin zuciyar barin gida. An tsame zaɓaɓɓu daga cikin mutane sama da miliyan 200, sannan ana auna su da al'umma sukutum, da mai ƙoƙarinta da ragonta da marar lafiyarta. Da za a kwashi likitoci da injiniyoyin baƙaƙen Amurka zalla a sauke su a Kano, mu ma haka za su sa a riƙa kallonmu. Nasarar yayanka halaliyarsa ce, kuma tana rusa maganar masu cewa baƙar fata ba ta da basira. Abin da ba za ta iya auna masa ba shi ne nauyin da wanda kakansa ya tashi a unguwa mai jan launi yake ɗauke da shi. Ya kuma sani cewa dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta hana a kore shi daga aiki saboda launinsa, waɗannan mutanen ne suka sha duka da ɗauri kafin a sa mata hannu, kuma a guguwar wannan gwagwarmaya aka yi dokar shige da fice ta 1965 da ta soke fifita Turawa.

In kun sake waya, ka ba shi ci gaban labarin jariran Illinois. Collins da David sun koma a 2002 suka bi 'ya'yan matan da suka yi ƙaura. 'Ya'yan Turawa 'yan ƙaura, da suka girma a Amurka, sun haifi jariran da suka fi su nauyi lokacin da aka haife su. 'Ya'yan baƙaƙe 'yan ƙaura daga Afirka da Karibiyan kuwa, nauyin jariransu raguwa ya yi, ya nufi na baƙaƙen da suka tarar a can, cikin zuri'a ɗaya tak.